Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: su wa suka ɗauki nauyin manyan ƙungiyoyin rock?

Akwai wata magana da masu sauraron kiɗan rock ke son jefawa idan suna neman a ce sun san kan abin: wai Ringo Starr, mai gangar Beatles, ya fi kowa sa'a a duniya, dami ya tsinta a kala. Kwanan nan na sake jin ta a bakin wani matashi, yana faɗa yana ɗaga kafaɗa kamar wanda ya tono wani ɓoyayyen asiri. Maganar ta tsufa, ta girme shi da shekaru, kuma duk mai faɗinta sai ya ɗauka shi kaɗai ya saɓa wa jama'a.

In dai ra'ayin da bai da farin jini ake nema, ga nawa. A yawancin manyan ƙungiyoyin rock, mawaƙin da ke riƙe da makirufo da mai jitar da ke fitowa gaba yana tseren yatsu an yabe su fiye da kima. Masu ɗauke da jinkar suna baya: mai ganga, mai jitar bas, mai jitar da ke riƙe kari, sai injiniyan da ya kafa makirufo a situdiyo. Su ne kurar, mutanen gaba su ne gardawan.

Shekarar 1980 ta ba da shaida biyu

A watan Fabrairu na 1980 Bon Scott, mawaƙin AC/DC, ya mutu a Landan. Ƙungiyar ta ɗauko Brian Johnson, ta tafi Bahamas ta yi aiki da furodusa Mutt Lange, a watan Yuli ta fitar da Back in Black, kundin da ya fi duk na bayansa da na gabansa kasuwa. An sauya murya, ƙungiya ta ƙara girma.

A ranar 25 ga Satumba na shekarar, John Bonham, mai gangar Led Zeppelin, ya mutu yana da shekara 32. Mawaƙi Robert Plant na nan da ransa, Jimmy Page da jitarsa na nan, John Paul Jones mai bas na nan. Amma kafin shekarar ta fita, ranar 4 ga Disamba, suka sanar cewa ba za su ci gaba ba. Da suka sake haɗuwa a bikin Live Aid na 1985 sai da aka zaunar da masu ganga biyu a gurbinsa, Phil Collins da Tony Thompson, kuma wasan ya lalace har suka hana a saka shi cikin faifan bidiyon bikin da aka fitar daga baya.

Ba AC/DC kaɗai ta canza mawaƙi ta tsira ba. Van Halen ta rabu da David Lee Roth a 1985, ta ɗauki Sammy Hagar, kundinta na gaba shi ne na farko da ya kai ta matsayi na ɗaya a Amurka. Genesis kuwa da mawaƙinta Peter Gabriel ya tafi a 1975, mai gangarta ne ya taso daga baya ya karɓi makirufo.

Dalilin da kunne ke cin amanar masu baya

Kafin a zargi masu sauraro, a duba abin da suke sauraro da shi. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas tana girgiza sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Ta jita mai tsirkiya shida tana girgiza sau 82. Babbar gangar da ake bugawa da ƙafa ita ma can ƙasa amonta yake. Lasifikar wayar hannu, wadda faɗinta bai kai farcen babban yatsa ba, ba ta iya tura iskar da za ta fitar da wannan amon. Abin da take fitarwa da ƙarfi shi ne muryar mutum da kukan jita. Wanda ya saurari Led Zeppelin ta lasifikar waya ya yanke hukunci, kamar wanda aka kawo wa tuwo ba miya ne aka ce ya faɗi ko uwargida ta iya girki.

Sai kyamara. A kowane bidiyon wasa, mai ganga yana zaune a lungu, tarin ganguna da farantan tagulla sun rufe shi, mai bas ya jingina da amfilifaya. Ido na bin mai tsalle, kunne kuma na bin ido.

Na uku shi ne kuɗi, kuma nan ne gizo ke saƙar. A al'adar haƙƙin mallaka ta Ingila da Amurka, abin da ake kira waƙa shi ne baitoci da karin murya. Wanda aka rubuta sunansa a ƙarƙashin taken waƙa shi ke karɓar kason marubuci duk lokacin da aka saka ta a rediyo. Salon bugun ganga, komai kyansa, ba kasafai ake lissafa shi ba. Matthew Fisher, wanda ya kaɗa molon ogan da kowa ke gane waƙar A Whiter Shade of Pale ta 1967 da shi, sai da ya kai ƙara kotu, aka yi ta ja har 2009 kafin majalisar ƙoli ta shari'a a Birtaniya ta tabbatar masa da haƙƙinsa. Clare Torry, wadda ta zuba muryar nan marar kalmomi a kundin The Dark Side of the Moon na Pink Floyd a 1973, fam 30 aka biya ta ta kama gabanta. Sai a 2005, bayan ta shigar da ƙara, aka sasanta aka haɗa sunanta. Sunan da ke kan takarda shi 'yan jarida ke nema su yi hira da shi, shi kuma tarihi ke riƙewa.

"Ai solo ya fi wuya"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa: dubi yadda yatsun mai jitar gaba ke gudu a solo, wato wurin da yake fitowa shi kaɗai yana nuna gwaninta, wa zai iya?

Mafi yawan solon rock an gina shi ne a kan tsani mai sauti biyar, wanda aka gada daga kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka. Ɗan koyo mai naci yana haddace siffarsa ta farko a wuyan jita cikin 'yan makonni. In ya yi kuskure a tsakiyar solo, sai ya ja tsirkiyar sama kaɗan, kuskuren ya koma ado. Ga na'urar da ke ƙazanta sauti tana rufa masa asiri, ga ta amsa-kuwwa tana cike masa gurbi.

Yanzu a ba ɗan koyon nan aikin mai riƙe kari. Waƙa mai bugu 120 a minti, tsawonta minti huɗu, ana kaɗa sau biyu a kowane bugu: kaɗawa 960 ke nan, kuma dole tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya, ƙarfinsu ya zama ɗaya. Kowane bugu rabin daƙiƙa ne. In hannu ya gaji a minti na uku ya fara jan ƙafa, ko zumuɗi ya kwashe shi a wurin amshi ya fara gaggawa, masu rawa za su ji a jikinsu ko da ba su san sunan matsalar ba. Babu na'urar da ke rufe wannan a kan dandamali.

Malcolm Young na AC/DC shi ne malamin wannan fanni. Ƙanensa Angus ne ke sanye da kayan 'yan makaranta yana birgima, shi duniya ta sani. Malcolm ya kasance yana tsayawa a baya kusa da ganguna da tsohuwar jitarsa ƙirar Gretsch, wadda ya cire mata biyu daga cikin na'urori uku masu ɗaukar sauti, ya ɗaura mata tsirkiyu masu kauri, bai cika wa amfilifaya ƙazanta ba. Gwanintarsa tana wurin tsayawa: ya buga, ya danne tsirkiyu da gefen tafin hannu, a yi tsit na ɗan ƙiftawar ido, ganga ta faɗo cikin ramin. Wannan tsit ɗin shi ke sa kai ya kaɗu. Ƙungiyoyin da ke kwaikwayon AC/DC a nan suke faɗuwa, su murɗa ƙazanta har ƙarshe, su bar tsirkiyu na ta kuka, ramin ya cike, kiɗan ya zama kunu.

Shi kuwa Ringo da ake wa dariya, bahago ne da ke buga gangunan da aka jera wa mai dama, shi ya sa zagayensa a kan ganguna ke fita da wata 'yar tangarɗa mai daɗi da masu kwaikwayo ke kasa kamawa. Yana shimfiɗa tawul ɗin shayi a kan fatar ganga don ya kashe ƙarar da ke biyo baya, abin da ya ba waƙar Come Together wannan amon mai taushi da nauyi. Kuma kada a manta, korar wani aka yi aka ɗauko shi. Furodusa George Martin bai gamsu da bugun Pete Best, mai gangar Beatles na lokacin, ba a gwajin Yuni 1962, a watan Agusta sauran ukun suka je suka ɗauko Ringo daga wata ƙungiyar Liverpool da ke tashe. Ba a sallamar mutum a je a ɗauko wanda bai iya ba.

"To ai mutanen gaba ne suka rubuta waƙoƙin"

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma a kan Lennon da McCartney na Beatles gaskiya ce. A kan Led Zeppelin kuwa sai a yi hattara.

Baitocin Whole Lotta Love na 1969 sun fito ne daga wata waƙar Willie Dixon da Muddy Waters ya rera a 1962. Dixon ya kai ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu, yau sunansa na kan waƙar. The Lemon Song ta ɗebo daga Killing Floor ta Howlin' Wolf, shi ma daga baya aka saka sunansa. Dazed and Confused ta Jake Holmes ce tun 1967, sai da ya shigar da ƙara a 2010. Babe I'm Gonna Leave You ta Anne Bredon ce, ta yi shekara kusan ashirin sunanta ba ya kai. Adalci ya sa a faɗi cewa a shari'ar Stairway to Heaven su suka yi nasara, a 2016 da kuma 2020.

Aron kari ba baƙon abu ba ne a blues, mawaƙansa sun saba karɓa daga juna. Amma in aka cire abin da aka aro, me ya rage da ya sa Led Zeppelin ta zama Led Zeppelin? Amo ne da nauyi. When the Levee Breaks tsohuwar waƙa ce ta Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy tun 1929. Abin da ya mai da ita dodo a kundin 1971 shi ne gangar farko. An kafa gangunan Bonham a ƙasan matakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange. Injiniya Andy Johns bai manna makirufo a jikin kowace ganga ba kamar yadda aka saba, ya rataye guda biyu kacal ƙirar Beyerdynamic M160 a can saman bene, domin su ɗauki ganga tare da amon ɗakin. Ya matse sautin sosai da na'urar matsi har ƙarar bango ta taso ta yi daidai da bugun, ya bi da shi ta na'urar amsa-kuwwa ta Binson Echorec. Wannan dabara ba ta aiki sai da mai gangar da hannunsa ke daidaita kansa, domin da makirufo biyu babu yadda za a yi a rage farantan tagulla a ƙara gangar ƙafa daga baya. Yadda ya buga, haka za ta fito. Masu kiɗan hip-hop, irin su Beastie Boys, sun yi ta yankar wannan bugun suna gina waƙa a kai. Gangar suka fi nema, ba muryar Plant ba.

Page ya cancanci yabo a nan, amma a kujerar furodusa, wato a aikinsa na baya.

Mutumin da ke bayan gilashi

Strawberry Fields Forever, wadda ake kafa hujja da ita kan hazaƙar John Lennon, ɗauka biyu ce daban aka ɗinke. Saurinsu ba ɗaya ba, tsayin muryarsu ba ɗaya ba. Lennon ya ce yana son farkon wannan da ƙarshen waccan, ya bar wa George Martin da injiniya Geoff Emerick ciwon kan. Suka ƙara wa ɗaya sauri, suka rage wa ɗayar, har suka haɗu, suka yanka tef da almakashi suka manne. Ɗinkin yana wajen daƙiƙa ta 60. Mai kunne in ya natsu zai ji iskar ɗakin ta canza a daidai nan.

Nirvana ma haka. Kurt Cobain ne ya rubuta ya rera kundin Bleach a 1989, wanda aka ɗauka a kan dala ɗari shida da 'yan kai, kuma bai wuce hannun 'yan tsiraru ba. Shi ne dai ya rera Nevermind a 1991, wanda ya ture Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Janairu 1992. A tsakani Dave Grohl ya hau ganga, furodusa Butch Vig ya lallaɓa Cobain ya rera baiti sau biyu aka ɗora murya kan murya don ta yi kauri, Andy Wallace ya haɗa sautin. Rubutun Cobain ya ƙara nuna, babban kamfani da tashar MTV sun taimaka, ban musa ba. Amma a saurari yadda ganga ke shigowa a daƙiƙun farko na Smells Like Teen Spirit, a ƙaddara babu ita.

In ana son ganin abin da ke faruwa idan aka wulaƙanta na baya, Metallica ta yi mana gwajin kyauta. A kundin ...And Justice for All na 1988 an danne bas ɗin sabon ɗansu Jason Newsted har kusan ba a jin sa. Waƙoƙin na da ƙarfi, solo na nan birjik, amma kundin ya bushe kamar ƙanzo, kuma har yau magoya bayansu na kuka a kai. A 1991 furodusa Bob Rock ya dawo da ƙasan sautin, kundin da ya biyo baya ya fi duk nasu kasuwa.

Inda hujjata ke ɗingishi

Akwai mawaƙan da su ne ƙungiyar. The Doors sun fitar da kundi biyu bayan mutuwar mawaƙinsu Jim Morrison a 1971, ba wanda ke tuna su. Nirvana ta mutu tare da Cobain a 1994. Freddie Mercury, mawaƙin Queen, kuwa, yabon gwani ya zama dole, minti ashirin ɗin da ya yi a Wembley a 1985 ba injiniya ne ya yi masa ba. Ko da yake in Queen ta zo tsakiyar Bohemian Rhapsody a kan dandamali, wurin nan mai tarin muryoyi, sauka suke yi a saki tef, saboda aikin situdiyo ne da mutum huɗu ba za su iya maimaitawa ba. Haka nan Rolling Stones sun ci gaba da wasa bayan rasuwar mai gangarsu Charlie Watts a 2021, The Who ma sun ci gaba bayan mai gangarsu Keith Moon. Ko sun ci gaba da zama abin da suke a da, wannan wata gardamar ce.

"Abincin wani gubar wani"

Da wannan ake rufe bakin kowa, kuma rabin gaskiya ce. Wanda ya ce muryar Plant na hawa masa kai, ko waƙoƙin Pink Floyd na sa shi gyangyaɗi, ba mai ja da shi, kunnensa ne. Amma wanda ya ce Ringo bai iya ganga ba ya bar zancen ɗanɗano ya shiga zancen sana'a. Kana iya ƙin launin shadda, ba wanda zai ce maka don me. In ka ce tela bai iya ɗinki ba, sai ka juya rigar ka nuna inda zare ya karkace.

Juya rigar ba wuya. A samu abin sauraro na kunne biyu mai ɗan kyau, ba lasifikar waya ba. A zaɓi waƙa ɗaya a saurare ta sau uku. A karon farko a bi gangar ƙafa kaɗai, ana taka ƙasa tare da ita, a lura ko tana gaggawa a wurin amshi. A karo na biyu a bi bas, ana gunguni da shi a maƙogwaro, in ya ɓace a koma baya. A na uku a cire kunne ɗaya. A yawancin kundayen AC/DC Malcolm na hagu, Angus na dama, don haka cire na dama zai fito maka da Malcolm da ganga, kuma za ka tarar waƙar na tsaye da ƙafarta. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙure ƙara, domin kunne na saurin gajiya, bayan 'yan mintuna komai ya cakuɗe. Matsakaiciyar ƙara ta fi nuna ɗinki.

Har a Agadez

Mu da muka tashi da waƙar Mamman Shata bai kamata wannan ya zame mana sabon abu ba. Kowa ya san sunan Shata, mutum nawa ne za su iya lissafa masu kalangunsa? Alhali in kalangu ya yi sanyi, ko 'yan amshi suka makara, waƙar ba ta tashi. Mawaƙanmu na situdiyo ma sun ɗan fi Turawa kara a nan, tunda sukan ambaci mai kiɗa a cikin waƙar.

Yanzu da jitar Abzinawa ta shiga duniya, an fara yi mata irin wannan karatun. Jaridun Turai da Amurka na kiran Mdou Moctar na Nijar Hendrix ɗin Sahara, saboda bahago ne mai jitar Fender kamar shahararren mai jita Jimi Hendrix, kuma yatsunsa na gudu. Ya iya, babu ja. Sai dai kiɗan nan a gidajen biki na Agadez ya girma, inda aikin makaɗi shi ne ya hana filin rawa mutuwa. A saurari Afrique Victime na 2021 ta hanyar da na faɗa a sama. Ahmoudou Madassane na riƙe da kari ɗaya a jitarsa minti bayan minti ba ya gezau, Mikey Coltun na ƙasa da bas, shi ne kuma furodusan kundin. Souleymane Ibrahim kuwa yana ƙara wa gangarsa sauri da gangan, kaɗan-kaɗan, abin da malamin ganga a Landan zai kira laifi, har waƙar da ta fara da tafiyar raƙumi ta ƙare da sukuwa. Solon Mdou a kan wannan sukuwar yake zaune, kuma Souleymane ne ke riƙe da linzami.